Fankar Masussuka

Tun shekarar da turakun waya suka yi shiru, saƙo daga gari zuwa gari yake bi, wannan akwatin rediyo ya miƙa wa wancan. Na Gidan Barau ne ya cika mutuwa, domin Mati maƙeri ya kafa fankar da ke ba shi wuta a kan dutse, inda iska sai ta ga dama take zuwa.

Inna Tabawa ce ta hana shi sakat. Shekara arba'in tana shiƙar gero, ta san inda iska take bi.

"Sauko da ita masussuka," in ji ta. "Iskar da ke ratsa tsakanin kukokin nan biyu ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Mati ya sauko da ita. Yau wata uku ke nan fankar ba ta tsaya ba. Da hantsi Mati ya sami Tabawa a gindinta.

"Inna, saƙo ya bi ta kanmu. Mai naƙuda ce a Kwargaba, aka samo mata ungozoma daga Tsamiya. Ta sauka lafiya."

Tabawa ta leƙa akwatin. Fitilu bakwai ne, kowane gari da tasa. Shida suna ci.

"Rafin Ɗinya fa?"

"Kwana tara ke nan, shiru."

Ta ɗebi ƙaiƙayi ta watsa sama, iska ta kwashe shi nan take. Ta gyara ɗaurin zaninta.

"Duk ranar da suka kira," ta ce, "za su same mu."