Sharaɗin Ƙarshe na Graz

Hatimin kotu ne ya fi ba su wahala. Ilhana ta roƙi hutun rabin yini a masana'antar takalma ta raka Sabaheta ofishin kotun, don ta san in aka bar ta ita kaɗai kunya za ta hana ta tambaya. Ma'aikaciyar ta juya shaidar gama sakandaren gaba da baya, ta ce makarantar nan ai ta canza suna, kuma sunan dangin da ke jiki bai yi daidai da na fasfo ba, sai an kawo wata takarda da za ta ce mutum ɗaya ne. Duk wannan bayani Ilhana ta yi wa. Ko kallon Sabaheta ba ta yi ba.

Su biyu ne a gidan tun da aka binne Sakib, mai gidan. A makon da aka gama karɓar gaisuwa Sabaheta ta ce tana son ta karanta harhaɗa magunguna a Graz, can Ostiriya. Ilhana ta ce to, a zatonta zafin rashi ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Sai ga ƙananan takardu manne a jikin firji da buta da ƙofar banɗaki, kowace da sunan abin da Jamusanci. Ilhana ce ke dafa abinci, ita ke guga, ita ke faɗan a daina karatu a kan teburin cin abinci. Jami'ar Graz ta nemi shaidar iya harshen, Sabaheta ta zauna jarrabawa ta ci. Jami'ar ta kuma nemi a fassara kowace takarda wurin mai fassarar da kotu ta rantsar, aka fassara. Duk sharaɗin da ya zo, Ilhana takan ce a ranta wannan ne zai tsayar da ita, kuma da ƙafarta take zuwa ta taya ta cika shi.

Mu a Tuzla ta ƙasar Bosniya tafiya ba baƙon abu ba ce. Babu layin da ba shi da gidan da aka rufe tagoginsa sai lokacin hutu. Amma Inna Zumreta ta hawa na biyu, wadda ba a hawa bene a wuce ta, ta ga wannan tafiyar daban. Ta tare Ilhana da kofin gahawa a hannu.

"Ke ma da laifinki, kin sake mata da yawa. Mutanenmu wankin tsofaffi suke zuwa yi can, ita kuma wai boko. To in ta tafi, da bango za ki riƙa hira?"

Ilhana ta yi dariya ta wuce. Da ta shiga gida ta daɗe a tsaye a kicin ba ta kunna komai ba, don tsohuwar ta faɗi abin da ita take ɓoyewa. Tsoro take ji. Ba ta taɓa kwana ita kaɗai a gidan nan ba.

Saura sharaɗi ɗaya, wanda ya fi ba mutanenmu haushi. Kafin su ba ka kujera a can, sai ka nuna cewa jami'ar ƙasarku ta yarda ta ɗauke ka a wannan fannin. Wato sai Sabaheta ta zauna jarrabawar shiga a nan Tuzla, ta ci gurbin da ba za ta zauna a kai ba. In ta faɗi, maganar Graz ta mutu, kuma ita da bakinta ta ce ba ta da ƙarfin sake farawa baɗi.

Ilhana ta riƙa yi mata tambayoyin kimiyya daga littafi. In Sabaheta ta kuskure, ta cire tabarau tana murza ido, sai Ilhana ta ji wani sanyi a ƙirjinta, daga baya kuma ta tsani kanta. Haka suka yi ta yi har ranar ta zo.

Da safe Sabaheta ta kasa cin komai. Ta sa riga, ta cire, ta ce duk wanda ke zauren zai yi ta kallonta. Ilhana ta ce babu mai lokacinta, kowa ta kansa yake yi. Suka sauko a hankali, Sabaheta na riƙe da ƙarfen bene.

A wurinmu ba a barin mai zuwa jarrabawa ya fita haka kawai. Na gida yakan watsa ruwa a bayansa don abin ya tafi masa salin-alin, shi kuwa ba ya waiwayowa. Ilhana ta sauko da moɗa cike. Sabaheta ta taka zuwa bakin titi, ta tsaya, ta ba ta baya, tana jiran ta ji ƙarar ruwan.

Ruwan bai zubo ba. Ilhana na tsaye da moɗar a hannu. Ta san ruwa ba ya cin jarrabawa, amma ta san Sabaheta: in ba ta ji shi ba, za ta gane abin da ke ran Ilhana, ta juyo ta hau bene, kuma ba za ta ƙara ambaton Graz ba har abada. Abin da ake bukata kawai shi ne Ilhana ta ci gaba da tsayuwa. Motar haya ta bayyana a kwanar layi. Kafaɗun Sabaheta suka fara saukowa.

Ilhana ta watsa ruwan da ƙarfi har ya jiƙa mata takalma, hawaye na bin fuskarta.

"Yi sauri, Mama, kada ki makara," ta ce wa mahaifiyarta.