Uwar da Aka Zaga

"Makashin talakawa! Da uwarka ta ba ka tarbiyya, da ba ka kare wannan dokar lafiyar ba."

Ɗan wata tsohuwa ne ya faɗa, cikin talabijin ɗin da ke maƙale a bangon ɗakin masu ciwon ƙoda, yana nuna abokin muhawararsa da yatsa. Tsohuwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ko jiya sai da ta cika wa mutanen ɗakin kunne da labarinsa, kakakin jam'iyya guda.

Ɗayan ma ya rama, ya kira shi maƙaryaci, karen farautar 'yan kasuwa.

Matar gadon kusa da ita, wadda ke riƙe mata kofi duk lokacin da hannunta ya kama rawa, ta juya fuska bango tana share ido.

"Yaya, jikin ne?" in ji tsohuwar.

"Ba jikin ba ne. Ni ce uwar da ɗanki ya zaga."

Ɗan kuka ya ja wa uwarsa jifa. Tsohuwar ta miƙa hannun da allura ta huhhuda, ta kamo nata.

"Ki yafe mini. Ban koya masa haka ba."

Nas ta shigo ta rage muryar talabijin. "Injin wankin ƙoda ɗaya ne ya tashi yau. Wa zan fara ɗaurawa?"

A bango, 'ya'yan na nuna juna da yatsa. A kan gadajen, iyayen ma haka, kowacce na cewa a fara da 'yar'uwarta.