Likitar da Aka Hana Ganin Ciwo

Tun da sankarar mama ta ɗauke mini uwar 'ya'yana, duk labarin da ya shafi masu duba wannan ciwo ba ya wuce kunnena. Ga wani da na riƙe, ƙanena, tunda ka ce koyo ya fara gundurar da kai.

An yi wata matashiyar likita a wani asibitin ƙaramin gari. An kawo musu na'urar ɗaukar hoton mama, amma babu wanda ya ƙware a karanta hoton, sai ta shiga koyo ta intanet wajen wata tsohuwar likita da ke wani birni mai nisa. Tsohuwar kan turo mata hotuna a kwamfuta, sannan su haɗu ta bidiyo ta faɗi abin da ta gani. Ita kuwa ɗalibar ɗoki ne da ita. In hoto ya nuna ƙari ƙuru-ƙuru, sai ta gyara zama. In na mai lafiya ne, sai ta tsallake shi, a ganinta ɓata lokaci ne. Da malamar ta lura, ba ta yi faɗa ba, sai kawai ta daina turo masu ciwon. Aka shiga turo mata na masu lafiya zalla: na mai jiki da na siririya, na wadda ta yaye goma da na wadda ba ta taɓa haihuwa ba, na tsohuwar da jikinta ya saki. Ɗalibar ta yi ƙorafi har ta gaji, ta ce ita ciwo ta zo koyo, amma an mayar da ita mai gadin lafiya. Har ta raɗa wa malamar suna, wai Hajiya Lafiya Lau. Tsohuwar ta yi dariya har tabaronta ya zame, ta ce, "Ɗiyata, wanda bai san fuskokin mutanen gida ba, ta yaya zai gane baƙo?"

Ana nan da damina, sai ga wata mai kitso daga ƙauye, wadda maƙwabciyarta ta matsa mata ta zo. Ba ta jin zafi, hannu bai taɓo komai ba, ga mijinta a bakin ƙofa kan babur yana ta kallon hadari. Likitar ta san in matar nan ta tafi da kalmar "lafiya lau", ba za ta sake dawowa ba sai ciwo ya kwantar da ita. Ta duba hoton. Babu ƙari, babu wani abin da za a auna. Amma a gefe guda, kusa da hammata, zaren naman ya ɗan tattare, kamar inda tela ya ja zare ya yi yawa. A duk hotunan da ta sha kallo, ba ta taɓa ganin nama ya kwanta haka ba. Ta nemi malamarta, hadarin ya ɗauke sabis ɗin intanet. Sai ta fita da kanta, ta gaida maigidan, ta roƙe shi ya kashe babur ya shigo daga ciki, a ƙara wa iyalinsa gwaji. Ya yi gunaguni, amma ya kashe.

Gwajin ya nuna ciwon ne, bai ma kai ƙwayar wake ba. Aka cire shi tun bai yi saiwa ba, matar ta koma ta ci gaba da kitsonta. Da malamar ta ga hoton daga baya, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi ɗalibar da me ta auna. Ta ce wallahi Hajiya ba ta auna da komai ba, wurin ne kawai bai yi mata kama da na mutanen gida ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.