Ɗakin Karatun Malam Abdulmuttalib

Surajo ya sake girgiza ƙofar ƙarfen, kwaɗon da ke waje ya yi ƙara ya koma ya zauna. Tun jiya da hantsi yake cikin ɗakin nan. Ya ji lokacin da Malam Abdulmuttalib ya ja ƙofar yana ce wa matarsa, "Barira, ku yi sauri, mai a-daidaita na jira. Kada a ɗaura auren nan ba mu isa Ajingi ba." Daga nan gidan ya yi tsit. Sai an gama biki za su dawo Gaya, bikin kuwa ba na kwana ɗaya ba ne.

Tagar ɗaya ce, an gitta mata rodi. Rufin kwano ya ɗauki zafi yana sauke masa a ka. Guntun ruwan da ya tarar a butar alwala ya ƙare tun safe, harshensa ya yi nauyi. Wayarsa ta faɗi ƙasa jiya, ta mutu murus. Ɗazu wasu mata sun wuce ta gindin tagar suna hira, ya buɗe baki, sai kuma ya rufe ya jingina da bango har muryoyinsu suka yi nisa.

Ban da littattafai, abin da ke ɗakin sai tsohuwar kwamfutar Malam, mai ƙaton ƙeya, wadda farinta ya koma ruwan ƙwai. Wayoyinta a kwance suke, an naɗe su wuri guda. Surajo ya taɓa zama a shagon gyara a Kano, don haka ya warware su ya mayar da kowace gurbinta, ya jona da wutar sola. Fankar ciki ta yi tari, ta kama.

A cikin aljihun tebur ya tsinci ƙaramin modem na da, irin wanda ake sa wa layi. Ya zare layinsa daga matacciyar wayar. Ramin ya yi wa layin girma, sai ya yago gefen kwali ya tokare shi. Fitilar modem ɗin ta yi ja, ta yi ja, can ta rikiɗe shuɗiya.

Amma duk shafin da ya nema sai kwamfutar ta ƙi buɗewa. Ya gwada har gumi na ɗiga kan madannai. Sannan idonsa ya kai kan kusurwar allo: ita a lissafinta har yanzu ana shekarar da aka ƙera ta. Ya gyara kwanan wata. Shafin Facebook ya fara sauka layi-layi, ba hoto ko ɗaya.

Injin solar ya fara ƙara, alamar batirin ya kusa ƙarewa. Rana ta karkata.

Ya shiga da sunansa. Abokansa biyu suna kan layi, ya tsallake su. Ba su da mukulli, kuma ba a fasa irin wannan ƙofar unguwa ba ta taru ba. Ya nemo Rukayya, babbar 'yar Malam, ya rubuta mata sallama.

Ya zuba wa allon ido. Ƙarar injin ta ƙaru. Ya kifa goshinsa a kan tebur yana salati.

"Wa'alaikumus salam. Surajon gidan Dada? Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Don Allah ki ce wa Malam ya dawo da mukullin ɗakin karatunsa. An rufe da ni a ciki. Tun jiya ban ci ba, ruwa ma ya ƙare."

"Innalillahi! Ga Baba a kusa da ni, ya ce yanzu zai hau mashin ya taho. Ka yi haƙuri, wallahi bai sani ba. Amma ya ce in tambaye ka, me ya sa ba ka yi magana ba da yana rufewa?"

Surajo ya dubi buhun da ya shigo da shi, yana nan yashe a bayan kabad inda ya laɓe jiya. Allon ya fara dishi-dishi. Ya sa yatsa ya rubuta:

"Ki ce masa ya taho shi kaɗai, don girman Allah. Wannan kwamfutar da nake miki magana da ita na shigo sacewa."