Ɓarin Yaya

Fartanya ce ta tona asirin.

A gidansu, tun zamanin kakansu, mutum ɗaya ba ya ƙera almakashi. Wa ya ƙera ɓari, ƙane ya ƙera ɗayan, a haɗa da ƙusa, wai don kada zumunci ya tsinke.

Da hannun wan ya fara rawa saboda tsufa, ƙanen bai fasa karɓar ɓarin wan da ladabi ba. "Kai, Yaya, har yanzu ƙarfe tsoronka yake!" Tsoho kuwa har kasuwar Bici yake zuwa cika baki.

Rannan tsohon yana noma bayan maƙera, fartanya ta ce ƙwal. Ya tona. Ɓarin almakashi ne tuli, duk tsatsa, kowanne da alamar ƙirarsa shi tsohon.

Ko ɗaya ƙanen bai huda masa gurbin ƙusa ba.