Bakin Humaira

Dije ta tsaya a tsakiyar matakalar bene ta dafa bango, ta ɗora wa silifa laifi. Ɗiyarta Humaira ta duba silifan, lafiyarsu lau, ta ɗago ta dubi uwar. Dije ta yi mata gwalo, ta ci gaba da hawa.

Humaira kurma ce tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita tana rarrafe. Amma kai akwai, wallahi akwai kai, har ta kai aji biyu a jami'a a Aliero. Hanya ce ke cin ta. Kullum daga Maiyama zuwa Jega, a Jega ta sake mota, wata rana a saman buhunan albasa, ta isa aji tana ƙamshin miya, malam ya riga ya share allo. Masu kunne ma ya suka ƙare, balle mai karatu da ido? Bara da ƙyar ta tsallake, aka ce in ta sake zamewa sai gida.

Shi ya sa tun damina ta nemi tallafin wata gidauniya mai kula da ɗalibai irinta: kuɗin makaranta, ɗaki a cikin jami'a, da wadda za ta riƙa rubuta mata abin da malamai ke faɗa. Sharaɗin guda ne, sai ta tare a makaranta. Yau ranar ganawa da kwamitin gidauniyar a nan Aliero, gurbi ɗaya kuma ya rage.

Gidauniyar ba ta da mai fassara maganar hannu, aka ce ta zo da nata. To wa gare ta in ba Dije ba? Mai tuyar masa ce a tashar Maiyama, ko da yake kwanan nan tandar ta yi sanyi, wai gero ya yi tsada. A bakin tandar nan suka ƙirƙiri maganarsu su biyu, ba wanda ya iya ta. Tun rasuwar maigidan, Dije ce bakin Humaira a kasuwa da asibiti da gidan biki, kuma ba ta taɓa rage mata kalma ba. Ko zagi yarinyar ta yi, da zafinsa take isar da shi.

A bakin ƙofa Dije ta karɓe jakar Humaira, da waya da biro duk a ciki, ta miƙa wa mai gadi. Ta nuna wa Humaira da hannu cewa ba a shiga gaban manya da kaya.

Mutum biyu ne a bayan tebur, Malam Abdussalam shugaban kwamiti da Malama Aliya. Dije ta zauna, ta ja gyale ta rufe baki.

“Hajiya, saki jikinki,” in ji shugaban.

“Ranka shi daɗe, Hajiyar ba Makka, iyakata Jega ranar kasuwa.”

Aka yi dariya. Ya ce a tambayi Humaira me ya sa take neman tallafin.

Humaira ba ta jira ba. Ta taɓa ƙirji daidai inda ake ɗaura zane, ta kwantar da kunci a tafin hannu, sannan ta haɗa yatsu biyu ta damƙe su gam.

“Mi tac ce?” in ji shugaban.

“Cewa ta yi hanya ta gajiyar da ita, barci take a mota. In an ba ta ɗaki, za ta riƙe karatu gam.”

Malama Aliya ta gyaɗa kai ta rubuta. Aka tambaya ko za ta iya zama nesa da gida. Humaira ta sake yin alamar nan, da ƙarfi wannan karon, har da buga tebur. Idonta ya ciko.

“Ta ce ko yau aka ce ta kwana nan, ta kwana.”

Humaira ta dubi fuskokinsu, ta ga murmushi. Ta leƙa bakin uwar, don takan tsinci magana a leɓe, sai ta tarar da gyale. Ta kai hannu ga biron da ke kan tebur. Dije ta make hannun, zobenta da ta mayar babban yatsa saboda rama ya sulluɓe ya faɗi ƙasa.

“Ku yi haƙuri, ɗoki ne. Wai ina za ta sa hannu.”

“Ai ta sa tun damina,” in ji shugaban yana dariya. Ya dubi Malama Aliya, ita ma ta dube shi. Ta jawo aljihun tebur ta fito da makulli, ta ɗora a tafin Humaira. “Ranar Litinin ki tare, ɗiyata.”

Humaira ta dubi makullin. Ta juya ta dubi uwarta. Sai a lokacin Dije ta saki gyalen, leɓenta a bushe. Hannayen yarinyar da ba sa gajiya da surutu suka kwanta a cinya.

Saukowar ta fi hawan wuya. Dije ba ta ƙara zargin silifa ba, ta jingina da kafaɗar ɗiyarta kawai, Humaira na share hawaye da gefen hijabi.

Suna karɓar jaka sai ga Malama Aliya ta biyo su da zoben. Ta tsaya gaban Humaira da fara'arta, ta taɓa ƙirji, ta kwantar da kunci a tafi, ta damƙe yatsu biyu.

“Inna, na iya kuwa? Riƙe karatu gam, ko?”

“Kin iya,” in ji Dije, ta kawar da kai.

Ita kaɗai a duk Aliero ta san abin da ɗiyarta ta shigo faɗa tun safe da hannayen nan: Inna ba ta da lafiya, ciwon ba na tashi ba ne, ba ni barin ta, ku ba wani.