Koren Dutsen da Aka Gwada da Taɓarya

Yaya, matso kusa in ba ki wani misali, amma don Allah kada ki tsare ni da son jin ko wace ce. Ba 'yar unguwar nan ba ce, ba ki san ta ba.

Wata mata ce mai wankin ƙasa a bakin ramin da ake haƙar duwatsu masu daraja. Maza su haƙo su turo ƙasa a buhu, ita da sauran mata su zuba a rariya su wanke a rafi, abin da ya yi ƙyalli a ware wa mai rami. Shekara huɗu tana tsaye cikin ruwan nan har tsakanin yatsun ƙafarta ya ruɓe. Burinta ɗaya ne, ta samu abin sayen injin markaɗe, ta zauna a ƙofar gida ƙafarta ta bushe. Ran nan bayan an tashi aiki tana tone-tone a tsohuwar ƙasar da aka wanke aka zubar, wadda kowa ke da ikon tsinta a ciki, sai ga wani dutse kore shar, tsawon rabin ɗan yatsa, garai-garai kamar ruwan randa. Ta yi wuf ta jefa shi a baki. Ta nuna wa mata kumatu wai haƙori ke damunta, ta wuce gida.

Tun a hanya zuciyarta ta fara raya mata abubuwa. Ta san samarin ramin kan goge fasasshiyar kwalba koriya su jefa cikin ƙasa, don wadda ta tsinta ta ruga kasuwa su sha dariya. Kuma ai ta ga ɗayansu yana murmushi lokacin da ta sunkuya. To akwai wani mutum a cikin gari da ya yi karatun duwatsu, yana da fitila da ɗan gilashin ƙara girma da sikeli, shi ake kai wa ya faɗi ko mene ne. Ta ƙi zuwa. Ta ce in na gaske ne zai ce kwalba ce ya soke a aljihu, ko ya musanya mata da wani, ko ya tsegunta wa mai rami. Ta ɓoye shi a tukunyar gishiri, ta ciro ta ƙulle a bakin zani, ta sake kwancewa ta tura cikin matashi. Maƙwabciya ta shigo aron ludayi, ta ce turo ta aka yi. Mijinta ya tambaye ta me ya hana ta cin abinci, ta ce shi ma ya ji ƙishin-ƙishin ke nan.

Ta sha jin maza a bakin rafi suna cewa dutsen gaske ya fi ƙarfe ƙarfi, ko wuƙa ba ta kama shi. Ta ja shi da wuƙar yankan kuɓewa, ko alama. Ta ce ashe na gaske ne. Sai kuma ta ce wataƙila wuƙar ce ta dakushe. In dai har ya fi ƙarfe, ai taɓarya ba za ta yi masa komai ba, kuma taɓarya ba ta cin hanci, ba ta kai gulma. Da rana tsaka ta saka sakata, ta ajiye shi a turmi, ta sauke masa sau ɗaya. Ya tarwatse kamar kanwa. Wallahi har daɗi ta ji, ta ce ashe kwalba ce, 'yan banza ba su samu abin dariya ba.

Da yake yanzu babu abin da za a sace mata, sai ta tattara ɓaraguzan a takarda ta kai wa mutumin nan, don ya tabbatar mata ta je ta wanke samarin tas. Ya ɗauki ɗaya da ɗan hantsaki ya duba da gilashinsa. Ya ce kwalba tana da ƙananan kumfa a ciki, wannan babu. Ya juya shi gaban fitila, ta nan kore mai haske, ta can ya yi duhu. Ya ja shi a jikin wata kwalba ya bar zane. Ya auna shi a sikeli, ya sake auna shi cikin ruwa, sannan ya ɗago ya ce:

"Baiwar Allah, wa ya fasa wannan?"

Ta ce haka ta tsince shi. Ya ce a'a, bakin fashewar sabo ne, ko ƙura bai ɗauka ba. Sunan dutsen tomalin, kuma irin mai tsabtar nan ba kullum ake gani ba. Ƙarfin da ake faɗa, wai ba ya karcewa ne, ba wai ba ya fashewa ba. Da ta kawo shi ɗungurungum da ya gwada a gabanta tana kallo, kuma da injin markaɗe ƙaramin abu ne a kansa. Yanzu kuwa ko bel ɗin injin ba zai saya ba.

Ta kafe shi da ido, tana jira ya ce ta bar masa ɓaraguzan, don ta kama shi da ƙarya. Ya naɗe takardar ya miƙa mata. Ta fita waje ta buɗe ta duba ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwaya bai ɗauka ba. Nan ta zauna a bakin kwata.

Kin ji, Yaya. Ba wanda ya cuce ta, da hannunta ta yi, ido biyu. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.